Shekarar da Zaliha Ta Ci Irinta

Zaliha ba ta taɓa zama ƙarama ba. Ranar da aka haife ta a Gidan Maiguwa, wani ƙauye da ke gindin dutse a ƙasar Garhanga, ungozoma ta ɗaga ta ta jinjina, ta ce wannan kam sai an nemo majanyi biyu. Uwarta haka take, kakarta ma haka: mata masu faɗin kafaɗa da kaurin dantse, waɗanda ko farau-farau suka sha sai ya zauna musu a jiki. A wancan zamani ba wanda ya ɗauki abin aibi. Tsofaffi kan ce gidan da ya sami amarya irin wannan ya yi ado, don kowa zai ga alamar ana ci ana ƙoshi. To nan fa kuskuren yake, tun daga tushe. Mutanenmu sun daɗe da yanke hukunci cewa ƙiba shaidar hutu ce, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi mai jikin ko ta karya kumallo.

Tana da shekara goma sha shida aikin gyaran ƙasa na yankin Keita ya iso wajensu. Maza sun watse biɗar kuɗi, wasu Abijan wasu Ikko, ƙauye ya rage daga mata sai tsofaffi da jakuna. Mata suka ɗauki aikin. A hau dutse da sassafe, a tsinto duwatsu, a ɗora bisa gammo, a gangaro da su fako a jera su a kan hanyar ruwa, don in ruwan sama ya zo ya tsaya ya jiƙa ƙasa maimakon ya kwashe ta ya tafi. Ladan aikin abinci ne, dawa da mai. A nan Zaliha ta yi suna. Dutsen da mata biyu ke cicciɓawa ita kaɗai take sa wa hannu ta aza a ka, ta gangaro tana hira. Kuma ba ƙarfi kaɗai ba, tana da ido. Ta san dutsen da ya kamata ya kwanta a ƙasa, da wanda zai hau bisansa, da ƙananan da ake cusawa a tsakani don kada ruwa ya sami ƙofa. Jeren da ta yi a gabas da gari yana nan har yau, ƙasa ta taru a bayansa, itatuwa sun fito sun yi inuwa.

Abokiyar aikinta ita ce Sa'a, wadda suka tashi tare tun suna zuwa rijiya da ƙananan tuluna. Sa'a siririya ce kamar karan dawa, ko me ta ci ba ya nunawa. In suka jero sai a yi musu tsiya, a ce ga turmi ga taɓarya, su ma su yi dariya. Sai dai ko a lokacin, in an zo rabon aiki a nuna wa Zaliha babban dutse, in an zo shan fura a ce ta ɗan saurara, ai ita tana da ajiya a jiki. Takan yi murmushi ta bar musu, don ita ba mai doguwar magana ba ce.

Ta auri Isufu, manomi mai haƙuri, ɗan ƙaramin mutum da ake ce wa in sun yi faɗa sai dai ya kai ƙara. Ba su taɓa yin faɗan ba. Shi kaɗai ne a duniya yake tura mata ƙwarya ya ce ta ƙara, don shi ya san yadda take rage wa yara. Ta haifi 'ya'ya shida, uku suka rayu. Mata biyu suna gidajen aurensu, ɗaya Buza ɗaya Madawa. Namijin, Sufyanu, shi ne auta. Isufu ya rasu, Sufyanu ya bi sa'o'insa Libiya ya bar mata matarsa Salima da yara uku. Aike ya zo shekarar farko da ta biyu, daga nan shiru, wayarsa ma ta daina shiga. Zaliha ta haura hamsin, ita ke noman gonar, ita ke riƙe da gidan.

Zamani kuma ya juya. Jikin da aka yi wa kirari da shi ake yi mata ba'a yanzu. A gidan biki a janye kujerar roba a shimfiɗa mata tabarma, da murmushi, wai don ta fi sakewa. A motar kasuwa fasinjoji su fara gunaguni tun ba ta sa ƙafa ba. 'Yan lakkol, yaran makarantar boko, suna kiranta kamiyo, wato babbar motar kaya, in ta ba da baya. Duk wannan ta shanye. Amma tsohon zancen bai mutu ba, yana nan tare da sabon: duk wanda ya gan ta ya tabbata a ransa ta ƙoshi.

Sai aka yi wata damina da ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Abin da ta girbe bai kai rumbu ko rabi ba, kuma kafin sanyi ya wuce ana sharar ƙasansa. Abu guda ta ware ba ta bari a taɓa, dami uku na iri. Geron uwarta ne, mai gajeren kai, wanda ke nuna da wuri kuma ya saba da ƙasar dutse. Tun tana amarya take zaɓen zangarniyarsa kowace kaka ta rataye can saman rumbu, kuma a garin ita kaɗai ta rage da shi, saura sun koma irin kasuwa. Ta faɗa wa Salima ko da wasa kada hannu ya kai can, don wanda ya ci irinsa ya ci bana ya ci baɗi.

Da bazara ta shigo aka ji labarin wani sabon poroje na agaji zai buɗe shantiye, wato filin aiki, a dutsen arewa da gari, aikin jeren duwatsu na wata uku, ana biya da hatsi. Amma ba kowa za a ɗauka ba, sai gidajen da suka fi talauci. Zaliha ta ji kamar an sauke mata kaya. Aikin dutse ne, ita kuwa dutse ya san ta. Hatsin wata uku zai kai su shuka ba tare da an sauko da dami ko ɗaya ba. Ta nemo tsumma ta naɗa sabon gammo tun ba a kira taro ba.

Ranar rubuta suna aka taru a gindin gawon ƙofar maigari. Wanda poroje ya aiko wani saurayi ne, Abdulmumin, ɗan Tawa, da hular rana da ƙaramar na'ura a hannu inda yake shigar da sunaye. Ba mugu ba ne, sai dai ƙauye shida ke jiransa ranar, kuma tun da ya sauka daga moto, wato babur, yake duban agogo. A gefensa komite na mutanen gari, shugabansu Malam Tsoho, abokin marigayi Isufu, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Zaliha. Yadda ake yi, komite su kira suna, mai suna ta miƙe, a dube ta, a rubuta.

Aka kira Sa'a da fari-fari. Ta miƙe, iska na kaɗa mata zane, ƙasusuwan wuyanta a waje kamar kullum. Abdulmumin ya girgiza kai cike da tausayi, ya shigar da sunanta bai yi tambaya ko ɗaya ba. Duk wanda ke wurin ya san ɗan Sa'a yana da shago a Madawa, kuma buhu yana zuwa mata duk wata a motar kasuwa. Ba wanda ya ce uffan, Sa'ar ma ta sunkuyar da kai ta zauna.

Da aka kira Zaliha ta miƙe, sai dariya ta fara daga bayan taro, wajen samari, ta biyo har gaba. Abdulmumin ya dube ta daga sama har ƙasa, yana ƙoƙarin danne tasa.

"Hajiya," ya ce, "wanga aiki na mabuƙata na. Ki bar ma waɗanda ba su da shi."

"Ni ba Hajiya ta ba, ɗana. Rumbuna na can, taki ɗari daga nan. Taho ka leƙa."

Ya ce ba shi da lokacin leƙa rumbuna, kuma ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. An daɗe ana zaluntar mutane da wannan karin magana. Ido ya san kimar hatsi a ƙwarya, ina ya san abin da mutum ya kwana da shi a ciki? Zaliha ta juya ta dubi Malam Tsoho. Shi ya san sau nawa taɓarya ke tashi a gidanta a 'yan kwanakin nan, don ta katanga yake ji. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Amma guraben arba'in ne kawai, kuma sunan 'yar ƙanensa yana ƙasa da nata, sai ya sami abin yi da carbinsa. Can ya ce, a hankali, ai Zaliha dai alhamdu lillahi, jiki ya nuna.

Ta ƙi zama. Ta faɗi shekarun da ta yi a dutse, ta nuna masa jeren gabas da hannu, ta ce ya tambayi kowa wa ya yi shi. Da ya ga ba za ta bari ba, sai ya sauya waƙa. To ko da a ce tana da buƙata, in ji shi, aikin hawan dutse ne cikin zafin bazara, in ta faɗi a can numfashi ya tsaya, wa za a tambaya? Shi. Sai dai ta kawo takarda daga likita cewa lafiyarta lau, kafin Alhamis, ranar da za a rufe lis ɗin sunaye. Ku duba fa. Da farko ta fi ƙarfin a taimake ta, yanzu kuma ba ta da ƙarfin aiki, duk a jiki ɗaya, duk a zama ɗaya. Sa'a da ke haki in ta hau tudun rijiya ba a tambaye ta takarda ba. Tsohuwar da aka rubuta bayan Sa'a, mai tari kamar za ta amayar da hanji, ita ma ba a tambaye ta ba.

Gidan likitan da ya fi kusa da su tafiyar wajen awa uku ce a ƙasa. Washegari ta tsaya bakin hanya ta tsayar da ɗan kabu-kabu, ya dube ta ya dubi tayarsa ta baya, ya ce moton ba nasa ba ne, na maigidansa ne. Na biyu ko tsayawa bai yi ba. Ta ci ɗamara ta kama hanya, ta haye dutse, ta gangara kwari, ta sake hawa, cikin ranar da ke laushin takalmin roba, da kunun dusa kofi ɗaya a cikinta. Da akwai mai hankali a inda ta nufa, wannan tafiya kaɗai ta isa takarda.

Ta isa rana ta take tsaka, ta bi layi. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya kira ta ciki, ta yi masa bayani. Ya ɗauko abin awon hawan jini, wanda ake naɗawa a dantse a hura masa iska. Ya naɗa, bakin bai haɗu ba. Ya ja ya matse, ya fara hurawa, abin ya ɓalle ya zame. Sau uku ana haka. Ya jefar da shi a tebur yana tsaki, kamar dantsen ne ya yi masa laifi. Guda ɗaya ke gare su, in ji shi, kuma na mutane ne. Haka ya faɗa, na mutane, bai ma ji abin da ya fito daga bakinsa ba.

Bai saurari bugun zuciyarta ba, bai duba idonta ba, bai tambaye ta yadda ta zo ba. Ya ce abin da bai auna ba ba zai sa masa hannu ba, kuma ko bai auna ba ya san mai jiki irin wannan ba ta rasa tansiyo, wato hawan jini. Ya ba ta shawara kyauta: ta rage tuwo, ta rage mai, ta rage nama, ta riƙa ɗan tattaki.

Zaliha ta dube shi har sai da ya ɗaga kai.

"Nama," ta ce. "Tun layya rabona da shi. Tattaki kuwa, daga Gidan Maiguwa ƙasa nit taho, ƙasa za ni koma."

Ya ce duk haka suke cewa, ya kira na gaba. Ta fito ta zauna a inuwar dogon yaro, cike da baƙin ciki. Ta ji kunya kuma, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi, don ita ba ta yi wa kowa komai ba. Ta ja mayafi ta rufe dantsenta, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, ta kama hanyar gida. Alhamis ta zo ta wuce.

Ranar da aka fara aiki ta ɗauki gammonta ta hau dutsen arewa ba wanda ya gayyace ta. Ta tarar da wasu maza biyu suna fama da wani dutse, suna mirgina shi suna hutawa. Ta ce su matsa. Ta durƙusa ta rungumo shi ta ɗora a gwiwa, daga gwiwa ta aza a ka, ta miƙe ta gangara da shi har bakin jere, ta kwantar da shi daidai wurin da ya dace. Duk shantiye aka ɗauki tafi. Abdulmumin ma ya tafa, har ya ce da ya sani da ya ɗauki bidiyo. Ta tsaya a gabansa, numfashinta daidai, ta ce to ga takarda.

Ya sosa ƙeya. Wallahi ya gani, in ji shi, amma lis ya riga ya tafi Yamai ta cikin na'ura, ko shi ba ya iya ƙara suna. Sai dai baɗi in Allah ya kai mu. Da sauƙi yake faɗin baɗi, shi da abincin ranarsa ke ɗaure a bayan moto.

Daga nan sai abin da aka sani. Ta shiga daji tsinkar anza, a jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita. Aka ci ganyen jiga, aka ci dusa. Ta sayar da akuya, sannan tasoshin auren Salima. In an dama ɗan abin da aka samu, yara su fara, Salima ta biyo, ita Zaliha ta ɗauraye ƙwarya ta sha ruwan. Abin takaici, jiki bai yi saurin tona asiri ba. Wata guda tana wannan hali, mata a rijiya suna ce mata ita kam bazarar bana ba ta taɓa ta ba. Da 'yan garin da ke Abijan suka aiko da buhu biyu aka raba a masallaci, aka tsallake gidanta. Ba da mugunta ba, kawai ba wanda fuskarta ke faɗo wa a rai in ana zancen yunwa.

Sa'a ce kaɗai take zuwa, duk ranar da aka yi rabo a shantiye, da tiya ɗaya a ƙarƙashin mayafi. Zaliha takan karɓa saboda yara, amma hira ta ƙi tafiya tsakaninsu kamar da. Wata rana Sa'a ta gaji da shirun.

"Ni hwa ban roƙi kowa ya rubuta ni ba, Zaliha."

"Na sani. Wuyanki ya roƙa miki."

Sa'a ta yi hawaye, Zaliha ta ji ba daɗi, don ta san ita ma ba ita ta yi kanta ba. Amma ba ta janye maganar ba.

Tiya ɗaya ba ta riƙe baki biyar. Ranar da ƙaramar jikarta ta daina kuka ta koma kallon sama kawai, Zaliha ta sa tsani da kanta ta sauko da dami na farko. Ba ta bari Salima ta taɓa ba. Ita ta sussuke shi, ta sheƙe, ta daka, kuma ba ta kai ko ludayi ɗaya bakinta ba. Ta ce biyu ma sun isa shuka in an yi tattali. Bayan kwana ashirin ta ce ɗaya ma ya isa rabin gona. Na ukun ya sauko ana saura kwana tara ruwan shuka.

Da ruwan ya zo, gari ya fita da sungumi tun da safe, ita tana zaune bakin rumbu tana jin ƙamshin ƙasa. Ta cire kunya ta roƙi iri wurin Malam Tsoho. Ya ba ta ragowar nasa bayan kowa ya gama shuka, dogon gero mai son ruwa, yana ba ta yana wa'azin zumunci. Ya fito, ya yi tsawo, ruwa ya ɗauke kafin ya cika ido. Geron uwarta kuwa, wanda aka yi shekaru ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu, da ya nuna tun kafin ruwan ya ɗauke, amma ya riga ya ƙare a tukunyar kunu.

A daminar ne jikin ya sallama. Zazzaɓi ya kama ta tana noma da yunwa, ya kwantar da ita, ya tafi ya dawo. Kafin kaka zanenta ya fara zagaye ta sau biyu, fatar dantse ta saki tana lilo, in ta tashi daga zaune sai ta dafa bango. Salima ta samo amalanken jaki ta kai ta gidan likitan nan. Majo bai gane ta ba sai da aka tuna masa. Ya naɗa abin awon, ya zagaye har da rara. Fuskarsa ta washe.

"Kin gani ko, Inna? Da kinka ji magana kinka rage ci, ga shi tansiyonki lahiya lau. Ki ci gaba hakanan."

Salima ta buɗe baki za ta yi magana, Zaliha ta riƙe mata hannu. Suka karɓi maganin zazzaɓi suka fito.

Bazara ta zagayo, poroje ya dawo, Abdulmumin ya dawo da hularsa. Aka taru a gindin gawon nan. Wannan karo tun kafin komite su fara kira, idonsa ya faɗa kan wata tsohuwa da ke jingine da itacen, idanu sun faɗa, ƙasusuwan wuya a waje. Ya zo ya durƙusa a gabanta da ladabi, ya ce ita za a fara rubutawa, ba sai an tambayi kowa ba. Har ya nemi izinin ɗaukar hotonta, wai don manyansa su ga irin mutanen da ake taimaka wa. Ba a yi zancen takardar likita ba.

"Inna, mi sunanki? Ina kike bara ba mu gan ki ba?"

"Zaliha. Gabanka nike tsaye bara, duk hwaɗina. Hajiya kac ce mini."

Ya ɗago ya dube ta, ya sake dubanta. Ya sunkuyar da kai kan na'urarsa. Malam Tsoho ya koma kan carbinsa. Ta ce hoto kam a'a, sunan dai ya rubuta, yara suna buƙata.

Ranar da aka koma aiki ta hau dutsen arewa tana hutawa, sau huɗu, Sa'a na riƙe da gwiwar hannunta. Daga can sama ana hango jeren gabas, wanda ta yi tana budurwa, da itatuwansa. Ta ciro gammon da ta naɗa bara, wanda dutse ɗaya kaɗai ya taɓa hawa, ta aza a ka. Ta zaɓi dutse matsakaici, irin wanda a da take bar wa Sa'a don kada ta wahala. Ta durƙusa ta rungume shi, ta yi bismilla, ta yunƙura. Ya motsa kaɗan ya koma. Ta sake. A karo na uku ƙarfinta ya ƙare, ta zauna a ƙasa kusa da shi, hannunta na bisansa.

Can a bakin jere mai kiran suna ya fara bin lis, don a san waɗanda suka zo aiki. Sunanta ne na farko. Sau biyu ya kira kafin ta sami numfashin amsawa.